A Ajiye Uwar Murya a Gida, a Raba 'Ya'yanta: Kira Ga 'Yan Uwana na Sabo da Zango



'Yan uwa masu leƙowa nan daga Agege da Idi Araba, da Sabon Ibadan, da Shagamu, da Ama Hausa ta Owerri, har da mutanenmu na Zangon Kumasi da na Nima, barkanmu da sake saduwa. Kwana biyu kun ji ni shiru, Baba ne ya yi tafiya ya bar mini shago. Yau ina so mu tattauna wata magana da wasu za su ga kamar ƙarama ce, wato yadda muke ɗaukar muryar makaɗa da mawaƙanmu a wajen biki, da kuma irin fayil ɗin da muke adana ta a ciki. Ni dai iyakar karatuna sakandare, abin da zan faɗa kuma na koye shi ne bayan wata asara da har yau take ci mini rai. Don haka a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

Abin da ya faru a gidanmu

Kakanmu daga ƙasar Maradi ya taso, fataucin goro ya kai shi Shagamu, a can aka haifi Baba. Daga baya kasuwa ta dawo da Baba Bauchi, ya kafa shago a nan Shadawanka kusa da barikin soja, a nan aka haife ni. Kun san irin zaman namu: a kudu a ce mana 'yan arewa, a nan a ce mana 'yan Shagamu, idan mun je Maradi a ce baƙin Nijeriya sun zo. Abin da ke riƙe da asalinmu bai wuce abin da tsofaffi ke faɗa da baki ba.

Lokacin bikin yayata, Baba ya aika aka ɗauko wani tsoho mai kukuma, mutumin ƙasarmu, wanda ya san kakanmu tun a Shagamu. Bayan la'asar tsohon nan ya zauna da mai kalangunsa da 'yan amshi biyu, ya soma wasa gidanmu. Ya jero sunayen kakanni tun daga ƙauyen da aka taso, ya ambaci zangunan da ake sauka a hanyar goro, da sunan wanda ya sauki kakanmu ranar da ya fara isa kurmi ba ya jin ko kalma ɗaya ta Yarabanci. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ran nan. Ya juyo ya ce mini, "Kai, kana ɗauka ko?" Na ce, "Ina ɗauka, Baba."

Ina ɗauka kuwa, amma da waya, a bidiyo, ina tsaye daf da lasifika, ga janareto yana ruri a bayana. Da dare na tura wa dangi ta WhatsApp. Bayan 'yan watanni wayar ta faɗa ruwa ta mutu da abin da ke cikinta. Ba a daɗe ba tsohon ya rasu, Allah Ya jiƙansa da rahama. Da Baba ya nemi waƙar, sai na bi dangi ina tambaya, har na samu wani ɗan kawuna da ya ciro muryar daga bidiyon ya mayar da ita ƙaramin MP3. Muka kunna. Kalangu ya koma kamar ana dukan kwano, kukuma tana ƙara kamar sauro, sunayen kakannin kuwa, waɗanda dominsu aka yi komai, ba a jin rabinsu. Baba ya saurara sau biyu, ya miƙo mini wayar bai ce uffan ba. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na baya sun fi mu kula

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, akwai kwalin kaset-kaset na Baba a ƙarƙashin gado, wasu sun girme ni, amma idan ka sa na Mamman Shata ko na Musa Ɗanƙwairo za ka ji kowace kalma. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015, amma muryoyinsu suna nan, domin an samu waɗanda suka ɗauke su da kayan aiki na kirki, musamman gidan rediyon Kaduna da ya fara aiki a 1962, da kamfanonin faifai na lokacin. Mu nan Bauchi ma muna da misali a ƙofar gida. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke cikin garin nan, an kashe shi a 1966, amma jawabinsa na ranar samun 'yancin kai a 1960 har gobe ana jin sa tangaran.

A farkon shekarun 1960 wani Ba'amurke mai suna David Ames ya zauna a Zariya yana ɗaukar kaɗe-kaɗen Hausa, abin da ya ɗauka kuma ya fito a faifai ƙarƙashin hukumar UNESCO. A 1971 shi da Anthony King suka fitar da littafi na kalmomin kiɗan Hausa da kayansa. Baƙo ya ɗauko na'ura mai nauyi ya tsallako teku don ya adana kiɗanmu, mu kuma da kowa ke da waya a aljihu, muna ɗaukar abin da bayan shekara biyar ba zai saurarru ba. Ba a taɓa ɗaukar murya da yawa kamar a zamaninmu ba, amma ina tsoron jikokinmu su tarar da shara ce muka tara musu.

Ɗanyen goro, kauɗa, da dilar gwanjo

To, mene ne bambancin waɗannan fayiloli da muke gani, WAV da MP3 da FLAC? Bari in yi bayani da harshen kasuwa, tunda shi na fi sani.

Idan na'ura za ta ɗauki sauti, tana auna shi ne sau dubbai a cikin kowane sakan, ta rubuta awon da lambobi. A faifan CD ana awo sau 44,100 a sakan ɗaya. Fayil ɗin WAV, wanda kamfanonin Microsoft da IBM suka fito da shi a 1991, yana ajiye duk awon nan yadda yake, ba ragi. Shi ne ɗanyen goro. Matsalarsa nauyi, domin minti ɗaya a ingancin CD yana cin sama da mega 10 kaɗan, awa ɗaya kuwa ya haura mega 600.

MP3 kuma, wanda masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka yi jagorancin ƙirƙirarsa, aka tabbatar da ƙa'idarsa a 1993, dabararsa ita ce ya zubar da sassan sautin da yake ganin kunnen mutum ba zai lura da rashinsu ba. Shi ya sa minti ɗaya a awon 128, wanda aka fi yawo da shi, bai wuce mega ɗaya ba. Wannan shi ne kauɗa. Ba nauyi, ba wahalar ɗauka, ana ci a ji daɗi, amma abin da ya fita ya fita ke nan. Ko ka kwana kana jiƙa kauɗa a ruwa ba za ta koma ɗanyen goro ba. Haka wanda ya ɗauki MP3 ya mayar da shi WAV, ya ƙara wa fayil nauyi ne kawai, bai dawo da komai ba. AAC da yawancin wayoyi ke ɗauka da shi, da Opus da saƙon murya na WhatsApp ke amfani da shi, duk dangin kauɗa ne.

Shi kuwa FLAC, wanda Josh Coalson ya fitar da cikakken zubinsa na farko a 2001, kamar dilar gwanjo yake. An danne kaya an ɗaure sun ƙanƙance, amma ranar da aka yanke igiya kowace riga tana nan, ko maɓalli bai ɓata ba. Yakan rage nauyin WAV zuwa wajen rabi ko kashi biyu cikin uku, idan kuma ka kwance shi za ka samu ainihin lambobin da aka ɗauka. Kyauta ne, ba mallakar wani kamfani ba, kuma yana da wurin rubuta sunan mawaƙi da gari da ranar da aka ɗauka a jikin fayil ɗin. Kamfanin Apple ma yana da irin nasa mai suna ALAC tun 2004.

Akwai wani abu da ya kamata a gane. A zamanin kaset, duk kwafin da aka yi daga kwafi sai murya ta ragu. Fayil ba haka yake ba. Ko sau dubu ka kwafe shi daga memori zuwa memori, ko ta Xender ko Bluetooth, yana nan yadda yake. Inda ɓarnar take shi ne wajen juyawa: a ɗauka a matse, manhajar aika saƙo ta sake matse bidiyon, wani ya ciro muryar ya sake matsewa. Kowace juyawa da abin da take zubarwa. Waƙar gidanmu sau uku aka shanya ta, ga kuma ɗaukar farko da ta zo a fashe.

Kayan ɗauka da yadda ake tsayawa

Bayan abin nan na yi tari na sayi ƙaramar rikoda ta hannu, ta gwanjo. Irinsu suna da yawa, akwai Zoom H1n da ta fito a 2018, akwai Tascam DR-05X ta 2019, dukkansu ba su wuce tsawon tafin hannu da yatsu ba, suna aiki da batirin tocila ƙanana, suna da makirfo biyu a ka, suna kuma ɗauka a WAV kai tsaye zuwa memori. Kuɗinsu bai wuce na matsakaiciyar waya ba. Abin da ya sa suka fi waya shi ne, ita waya an gina ta ne don magana. Tana ɗaga sauti tana saukewa da kanta, wani lokaci ma ta ɗauki kiɗa a matsayin hayaniyar da ya kamata ta danne. Kalangu kuwa duk daɗinsa yana cikin hawa da saukar muryarsa idan makaɗi ya matse tsarkiya, idan aka daddanne wannan me ya rage?

Ga abin da na koya da gumina. Na farko, kada ka tsaya a bakin lasifika. Ka matsa kusa da makaɗan kansu, taku biyu ko uku, ka ba janareto baya da nisa. Na biyu, ka duba ma'aunin ƙarfin sauti tun ana gwaji, ka bar shi yana kai wa wajen lamba 12 ƙasa da sifili idan an buga da ƙarfi, domin sautin da ya yi ƙasa ana iya ɗaga shi a kwamfuta, wanda ya fashe kuwa ba shi da magani. Sababbin rikodoji masu tsarin da ake kira 32-bit float, kamar Zoom H1essential ta 2024, sun rage wannan fargaba, don da wuya ƙarar kakaki ko tambari ta fasa musu ɗauka. Na uku, ka sa wa makirfo hularsa ta gashi ko soso, musamman da hunturu, idan ba haka ba iska kawai za ka kwaso. Na huɗu, ka sa abin sauraro a kunne kana jin abin da ke shiga. Na biyar, ka ɗora ta a kan sanda ko wani abu tsayayye, don motsin yatsunka ma yana shiga. Sannan ka tanadi batir da memori tun jajibiri, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawarar a riƙa ajiya a WAV, aƙalla awo 48,000 a sakan da zurfin bit 24. A wannan ma'auni awa ɗaya tana cin gig ɗaya da 'yan kai, ke nan memori mai gig 32 zai ɗauki kusan awa 30. Wane biki ne zai cinye wannan? Wanda kuma ba shi da halin rikoda, akwai manhajojin waya masu ɗauka a WAV, ya sa ɗaya, ya tsaya inda ya dace. Ya fi abin da na yi nesa ba kusa ba.

Inda gizo ke saƙa: wace na'ura ce za ta kunna?

Karo na farko da na yi amfani da rikodar, a wajen sunan ɗan yayata ne, mata suka yi kiɗan ƙwarya. Ɗaukar ta yi kyau ƙwarai. Cikin zumuɗi na zuba fayil ɗin WAV a memori na ba mai mota ya kai wa Kawu a Agege. Bayan kwana uku sai ga kira: "Kai ɗan nan, wane irin abu ka aiko mini? Rediyona ya ƙi karɓa, na mota ma ya ƙi." Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, laifina ne." Kafin in gyara, ya riga ya kai wa wani mai tura waƙoƙi, ya juya masa zuwa MP3, ya kuma goge babban don a samu wurin zuba finafinai. Allah Ya taimake ni wannan karon na bar na asali a gida.

Gaskiyar magana ita ce, ƙananan rediyoyi masu cin memori da iyayenmu ke rataye da su a kasuwa, da tsofaffin rediyoyin mota, MP3 suka fi sani. Wasu suna karɓar WAV na ingancin CD amma su ƙi mai bit 24, da yawa kuma ba su san FLAC ba sam. Wayoyin Android suna kunna FLAC tun 2011, kwamfuta mai Windows 10 tana kunnawa ba sai an ƙara mata komai ba, iPhone kuwa sai a 2017 ta fara karɓarsa. Manhajar VLC, wadda kyauta ce, tana kunna dukkansu a waya da kwamfuta. Audacity, ita ma kyauta, da ita nake yanka fayil in fitar da FLAC da MP3 daga WAV ɗaya.

Don haka ra'ayina a taƙaice shi ne a riƙa yin uwa da 'ya. Uwa ita ce WAV ko FLAC, tana zaune a gida ba ta yawo, a yi mata kwafi uku: ɗaya a kwamfuta ko faifan ajiya, ɗaya a wurin wani ɗan uwa a wani gari, ɗaya a ma'ajiyar intanet idan da hali. 'Ya kuwa MP3 ce, ita za a raba wa Kawu da Gwaggo da duk mai so. Idan 'ya ta ɓata, uwa za ta haifi wata. Idan kuma dole sai an tura uwar ta WhatsApp, a tura ta a matsayin takarda, wato ta wajen da ake tura fayil, domin ta nan ba ya taɓa ta, kuma tun 2022 yana karɓar fayil har mai gig 2. A kuma guji memorin bogi da ake rubuta wa babban gig a jiki alhali cikinsa kaɗan ne. Araha ba ta ado.

Masu cewa wahalar banza ce

Na san abin da abokaina ke faɗa, don sun faɗa mini a ido. Suna cewa kunne ba ya bambance MP3 mai kyau da WAV, kuma data tana da tsada. Duka biyun akwai gaskiya a ciki. MP3 da aka yi a awon 256 ko 320 daga ɗauka mai tsabta, da wuya mutum ya ji bambanci, balle a rediyon kasuwa. Kuma ba zan raina MP3 ba, domin shi ya kai waƙoƙinmu inda kaset bai kai ba. A 2011 wani Ba'amurke, Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, ya fitar da faifan waƙoƙin da ya tattaro daga memorin wayoyin mutane a arewacin Mali, a cikinsu har da ta Mdou Moctar ɗan Nijar, wanda daga baya ya zaga duniya yana wasa. Ba don ƙaramin fayil mai saurin yawo ba, da ba a ji shi ba.

Amma saurare daban, ajiya daban. Wanda zai zo bayan shekara 30 yana so ya rage ƙarar janareto, ko ya ɗaga muryar tsoho don ya ji wani suna da kyau, sai da cikakken fayil zai iya. Ita kuma data, ai uwar ba yawo za ta riƙa yi kullum ba. A Amurka akwai ƙungiyar makaɗa mai suna Grateful Dead da a 1984 ta ware wa masoyanta wuri na musamman a filin wasa don su kafa makirfo su ɗauka. Irin waɗannan masu ɗauka sun kafa wa kansu doka cewa ba a musayar asali sai a fayil marar ragi, kuma tun 2002 ma'ajiyar Internet Archive take tara irin wannan ɗauka. Mutanen da suka yi haka don nishaɗi ne kawai. Mu da tarihin gidajenmu ke cikin bakin makaɗa, ai mun fi su buƙata.

Haƙƙin mai murya

Abu na ƙarshe, kada son ajiya ya sa mu ci haƙƙin mutane. Kafin ka kunna rikoda, ka durƙusa ka gai da makaɗi, ka ce, "Baba, ina neman izini in ɗauka don ajiyar gida." Ka yi masa alheri daban da liƙin fili, ka ba shi kwafinsa, kada kuma ka ɗora a YouTube ko ka sayar sai da yardarsa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba mai wasa ikon a nemi izninsa kafin a ɗauki wasansa ko a yaɗa shi, amma tun kafin doka ai tarbiyya ta faɗa mana haka. Idan taron mata ne, a ba mace ta ɗauka, a kuma tambaye su inda suka yarda muryarsu ta kai. Bayan an gama, ka rubuta sunan makaɗi da na 'yan amshinsa, da kayan kiɗan, da gari, da rana. Fayil marar suna maraya ne.

Shawarata ga shugabannin matasanmu na kowane sabo da zango ita ce, a haɗa kuɗi a sayi rikoda ɗaya ta unguwa, a koya wa yara biyu ko uku aiki da ita, a ajiye ta a gidan Sarkin Hausawa ko wurin wani amintacce. Kuma amfaninta bai tsaya ga kiɗa ba. Akwai karatun malamanmu, akwai tatsuniyoyin kakanni mata, akwai tsofaffin da suka san yadda aka kafa unguwar da wanda ya fara sauka. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu da neman abinci ya raba mu da gida, muryoyin nan su ne ɗan abin da muka riƙo.

Ni dai yanzu duk daren Juma'a idan an rufe shago, nakan ajiye rikoda a gaban Baba in ce ya ba ni labarin Shagamu. Sunayen da tsohon nan ya jero, Baba ya tuno huɗu, muna kan neman sauran wurin wata gwaggonsa a Maradi. Wanda yake da tsoho a gida, kada ya jira sai an yi biki.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Sai mun sake saduwa in Allah Ya kai mu.

Naku, daga Shadawanka, Bauchi.